Faci, Sabon Tiyub ko Sabuwar Taya? Lissafin Mai Babur a Gombe

Tayar babur ba ta sallama kafin ta sace. Ko kana gangarowa daga Tumfure, ko kana kutsawa cikin cunkoson Babbar Kasuwa, sai dai ka ji bayan mashin yana lilo, ka leƙa ka ga roba ta kwanta. Daga nan sai turi zuwa inuwar mai faci mafi kusa, sai kuma tambayar da kowa ya saba ji: "Oga, faci za a yi ko canzawa?" Yawancinmu da aljihu muke amsa tambayar nan, tun kafin a taɓa wili. Mai kuɗi a hannu ya ce a canza, wanda bai yi ciniki ba ya ce a liƙe. Dukansu biyu suna iya tafka asara. Na farko ya jefar da tayar da ke da sauran aiki mai yawa saboda ƙusa ɗaya, na biyu kuma ya hau titin Kumo a guje da tayar da zarenta ya riga ya tsinke.

A ganina amsar tana cikin tayar. Sai an ɓanɓare ta daga rim, an buɗe cikinta a haske, an ga inda abin ya shiga da irin ɓarnar da ya yi, sannan a yi maganar kuɗi. Gani ya kori ji, kuma dubawar ba ta cin minti goma.

Kafin nan, ka san irin wilin da kake hawa. Baburan da suka fi yawa a titunan Gombe, irin Boxer ɗin Bajaj da 'yan acaɓa suka runguma, da Jincheng da makamantansu, galibi masu wilin sifok ne. Wilin sifok kuwa da tiyub yake aiki, domin in babu shi iska za ta bi ramukan sifok ta fice. A irin wannan babur aiki a rabe yake: tiyub ke riƙe iska, taya ke kama ƙasa tana shan dukan hanya. Saboda haka zaɓinka uku ne. Ko a liƙe tiyub, ko a sa sabon tiyub a cikin tsohuwar taya, ko a canza duka biyun. Na tsakiyan nan shi ne mutane suka fi mantawa da shi, alhali sau da yawa shi ne daidai. Masu wilin zubi marar sifok, waɗanda ke hawa tiyubles, wato tayar da ke riƙe iska da kanta ba tare da tiyub ba, lissafinsu daban ne, zan zo kansu.

Mu fara da tiyub, tunda shi ne abincin mai faci na kullum. Hudar da faci ya dace da ita ita ce ƙarama, zagayayya, wadda ƙusa ko ƙaya ta yi a bayan tiyub, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasa. In aka liƙe irin wannan da kyau, tiyub ɗin yana iya ƙarasa zamaninsa wurin bai sake magana ba. Wanda ya sayi sabon tiyub saboda irin wannan huda guda ɗaya a tayar baya, ya dai so kashe kuɗinsa ne.

Liƙin kansa iri biyu ne. Akwai facin wuta, wanda tsofaffin masu faci suka fi amincewa da shi: a kankare wurin, a shafa sholisho, a ɗora ɗanyar roba, a matse da ƙarfe, a kunna wuta a tsohon fistin da ke saman matsewar har robar ta dahu ta haɗe da tiyub. In hannun ya ƙware, wannan faci ba ya ɗagowa ko da kwalta ta yi zafin watan Afrilu. Aibinsa shi ne wutar ba ta da ma'auni sai idon mai yi. In ta yi yawa sai ta ƙona kewayen facin, robar wurin ta bushe, bayan 'yan makonni ta tsage a gefen facin, ka dawo kana cewa ƙusa ce ta sake. Akwai kuma facin sanyi, na cikin kwali, wanda ake mannawa da gam. Shi ma yana riƙewa sosai, amma ba ya son gaggawa. Dole a kankare wurin ya yi kaushi, a share ƙura, a shafa gam kaɗan, a jira ya sha iska har ya daina sheƙi kafin a ɗora. Yawancin facin sanyin da ke ɗagowa laifin sauri ne, mai babur yana tsaye a kan yaro yana cewa fasinja na jira. A lokacin hunturu kuma ƙurar da ke sauka a kan gam ita kaɗai ta isa ta ɓata aikin. Wani abin da ba kowa ya sani ba: tiyub ma robarsa iri biyu ce. Akwai na robar butil, wanda sau da yawa ake ja masa shuɗin layi, ya fi riƙe iska na tsawon kwanaki, sai dai ɗanyar robar facin wuta ba ta cika kama shi da kyau ba. Akwai na robar itace, wanda ya fi karɓar faci kuma ya fi jure miƙewa, amma yana son a riƙa ƙara masa iska a kai a kai.

To, ga hudojin da ni ba na yarda a liƙe. Yagewa mai tsawo, domin ƙarshenta yana ci gaba da tafiya a ƙarƙashin facin. Tsagewa a gindin bawul, domin wurin ba shi da shimfiɗar da faci zai zauna, kuma duk motsin tiyub a nan yake ƙarewa. Sai huda biyu a jere kusa da juna, wadda ke faruwa in ka daki bakin rami ko gefen kwalbati da ƙarancin iska, rim ya ciji tiyub. Ana iya rufe su da babban faci ɗaya ka isa gida, amma robar da ke tsakaninsu ta riga ta ji jiki. Idan kuwa hudar a cikin tiyub take, ɓangaren da ke kwance a kan rim, to ba daga hanya abin ya zo ba. Ko kan sifok ne ya leƙo, ko robar da ke rufe kawunan sifok ta tsinke, ko tsatsa ta ci rim. A nan ko sabon tiyub ka sa, kwanansa kaɗan ne in ba a gyara tushen ba. Haka kuma tiyub ɗin da aka ciro aka ga ya yi lanƙwasa da tamoji, ya riga ya miƙe ya fi ƙarfin tayar, kuma a kan lanƙwasar nan zai fashe.

Faci nawa tiyub zai ɗauka? Babu doka a kai, amma ni nawa ma'aunin shi ne biyu zuwa uku a tayar baya, muddin suna nesa da juna kuma babu wanda ya hau kan wani. Daga nan lissafin ya juya. Ka tambayi kuɗin sabon tiyub a yau, ka raba da kuɗin faci ɗaya, za ka ga faci nawa ne ke sayen tiyub. Sannan ka ƙara abin da ba a rubutawa: turin da ka yi a rana, fasinjan da ya sauka ya hau na wani, awa ɗaya ko biyu da babur ya yi a jingine alhali balas ɗin maigida bai ragu da ko sisi ba. Ga ɗan acaɓa, sacewar taya sau biyu a mako ɗaya ta fi tsadar tiyub nesa ba kusa ba.

Akwai wata al'ada da ke jawo yawancin dawowar da ake yi wurin mai faci. Domin sauri, ba a kwance wilin baya. Sai a kwantar da babur, a ɓanɓare gefe ɗaya na taya, a zaro tiyub ta nan, a tsoma a ruwa, a liƙe, a mayar. Na fahimci dalilin, kwance wilin baya yana nufin taɓa sarƙa da sandar birki da kusoshi. Amma ta wannan hanya babu wanda ya ga cikin tayar. Ƙayar aduwa ko ta bagaruwa, irin wadda ke cike da hanyoyin gona a wajajen Dukku da Nafada, takan karye ne a cikin roba. Tsininta ba ya fitowa sai nauyi ya hau, sai ya soki tiyub ya koma ya ɓuya. Haka siraran wayoyin da ke warwatse a bakin titi daga fasassun tayoyin manyan motoci, musamman a hanyar Bajoga da Ashaka inda tirelolin siminti ba sa yankewa. Maganin abin mai sauƙi ne. Ka ce, "Baba, don Allah a kwance wilin gaba ɗaya mu ga cikin, zan ƙara kuɗin aiki." A ɗora tiyub a kan taya, a daidaita bawul da inda yake a da, sai hudar ta nuna inda za a bincika. A zagaya cikin da tsumma, ba da yatsa tsirara ba, domin tsumma zai maƙale a kan waya, yatsa kuwa yankewa zai yi.

Yanzu ga tayar a hannunka. Ƙarfin taya ba a baƙar robar da ka ke gani yake ba, yana cikin zaren nailan da aka shimfiɗa hawa-hawa a ƙarƙashinta. Ƙusa takan ratsa tsakanin zaren ne kamar yadda basilla ke ratsa buhu, ta fita ta bar saƙar a yadda take, ko ta tsinka ɗan kaɗan. Fasasshiyar kwalba, ko guntun kwanon rufi, ko kaifin dutse kuwa yanka suke yi, su datse zare da yawa a layi ɗaya, kuma babu gam ɗin da ke mayar da zaren da ya datse. Shi ya sa girman rami da siffarsa suka fi komai. Kamfanin Dunlop, a ƙa'idarsa ta tayoyin babur, bai yarda a gyara hudar da ta wuce rubu'in inci ba, wato kusan milimita 6, kuma sai a shimfiɗar da ke taka ƙasa. Ƙa'idar gyaran taya ta Ingila, BS AU 159, ta fi haka tsauri: milimita 6 ga tayoyin da iyakar gudunsu bai wuce kilomita 100 a awa ba, milimita 3 ga waɗanda suka fi haka, kuma a tsakiyar shimfiɗar kawai. Ƙusa 'yar inci uku kaurinta tsakanin milimita 3 ne da 4. Fensir kuwa ya kai kusan 7. Saboda haka in fensir zai shige ramin, maganar gyara ta ƙare. In ƙarami ne, kuma babur mai tiyub ne, tayar tana nan da ranta. Sai dai a manna faci a cikinta ita ma, don kada yashi da ruwan damina su riƙa bi ta ramin suna goge tiyub suna ruɓar da zare.

Gefen taya kuwa ba a yi masa gyara, komai ƙanƙantar raunin. Robar wurin siririya ce, kuma duk juyawar da wili ya yi sai ta lanƙwashe ta miƙe, sau dubbai a tafiya daga Jekadafari zuwa Pantami kaɗai. Facin da aka manna a nan ba ya samun hutun da zai zauna. Kafaɗar taya ma, inda shimfiɗa ke gangarawa zuwa gefe, haka take, balle a babur da ke kwanciya a kanta duk lokacin da aka sha kwana. Idan ka ga ƙulu ya taso a gefe, zaren ciki ne ya tsinke iska ta turo roba. Idan wayar bakin taya ta fito ko ta karye wajen ɓanɓara, ita ma ta gama. Na san dabarar da ake yi, a yanko guntun tsohuwar taya a shimfiɗa a ciki a rufe yankan. Ba zan ce kada a yi ba, domin wanda dare ya yi wa a ƙauye tsakanin Kaltungo da Tula ba shi da wani zaɓi. Amma dabarar isa gida ce a hankali. Guntun yana sa wili tsalle, gefensa yana cin tiyub, yankan kuma yana ci gaba da buɗewa a bayansa inda ido ba ya gani.

Abin da ya fi ƙusa kashe taya a garin nan shi ne tafiyar da ake yi bayan iska ta fita. Mutum ya ji taya ta sace a Mile 3, ya ce bari ya lallaɓa zuwa wurin mai facinsa na unguwa. A wannan lallaɓawar rim yana niƙa gefen tayar a kan kwalta, zafi yana tashi, zare yana rabuwa da roba. Daga waje ba za ka ga komai ba. In an buɗe ciki ne za a ga baƙin gari kamar an barbaɗa, ko wani layi da ya zagaye gefen ya yi duhu ko ya yi tamoji, wani lokaci har zare ya yi gashi. Tayar da ta nuna haka ta mutu, ko da hudar da ta jawo abin ta fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Sauka ka tura, ko da kunya, ya fi arha.

Sai tambaya ta gaba: ko da raunin mai gyaruwa ne, tayar ta cancanci a kashe mata kuɗi? Duba zanenta. A gefen mafi yawan tayoyi akwai ɗan alamar kusurwa uku ko haruffan TWI. Ka bi saitinsa zuwa cikin kwarin zanen, za ka ga ɗan tudu. Ranar da shimfiɗar ta cinye ta yi daidai da tudun nan, taya ta ƙare. A Ingila doka ta hana hawan babur da zanen da bai kai zurfin milimita 1 ba. Mu nan sai ka ga taya ta suɗe sumul har zare yana leƙowa, mai ita yana cewa ai tana riƙe iska. A rani tana iya yaudararka. Ruwan farko na damina, lokacin da ƙura da baƙin mai suka jiƙe a kan kwalta, ko yashin da ambaliya ke zubarwa a kan titunan da ke gangare, su ne ke tona asirinta. Ban da santsi, robar da ta yi siriri ba ta tare komai, tsinken da sabuwar taya za ta murƙushe sai ya ratsa ta. In ka ga kana zuwa wurin mai faci a kai a kai kuma kowane zuwa da sabon wuri, ba sa'a ce ta ƙi ka ba, tayar ce ta gaji.

Shekaru ma suna cin taya ko ba a hau ba. A gefenta akwai lambobi huɗu, galibi a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3522, an ƙera ta a mako na 35 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha nanatawa cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Kamfanin Michelin ya fi sassauci, ya ce bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, a shekara goma kuma a cire ta ko yaya take. A garin da zafi ke kai maki 40 a Maris da Afrilu, kuma babura ke wuni a rana, ni ina tare da gajeren wa'adin. Ɗan acaɓa bai cika damuwa da wannan ba, domin tayarsa tana cinyewa kafin ta tsufa. Malamin makaranta ko ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo, shi ne zai ga zane cike amma gefe ya yi tsage-tsage. Irin wannan in ta yi faci, ta ba ka dalilin sallamarta ne.

Masu tiyubles suna da gata ɗaya babba. In ƙusa ta shiga, robar takan riƙe ta, iska ta riƙa fita a hankali, har mutum ya kai inda za shi. Kada ka zare ƙusar a hanya. Gyaran da aka saba yi shi ne a soka igiyar roba mai danƙo daga waje, ba tare da an cire taya ba, minti biyar an gama. Yana aiki, kuma mutane da yawa sun yi watanni a kansa. Amma masu ƙera taya ba sa ɗaukarsa gyara na dindindin, saboda dalilin da na faɗa tun farko: ba a ga ciki ba. Gyaran da suka yarda da shi shi ne a cire tayar, a sa faci mai jela daga ciki, jelar ta cike ramin, kan kuma ya rufe shi. Ko bayan wannan, Dunlop ya ce kada a wuce kusan kilomita 80 a awa a cikin awa 24 na farko, kuma tayar da aka gyara kada ta ƙara wuce kusan 120. Ga ƙananan baburanmu iyakar ta biyu ba matsala ba ce, amma masu manyan mashina da ke sheƙa gudu a hanyar Bauchi su riƙe ta. Idan an soka igiya biyu a rami ɗaya don ɗaya ta kasa toshewa, ramin ya wuce gyara. Zura tiyub a cikin tiyubles ɗin da ta huje kuwa, wanda wasu ke ɗauka mafita ce mai sauƙi, ba ya rufe ramin da ruwa ke bi, yana ƙara zafi, kuma yana kwace maka gatan nan na sacewa a hankali.

Duk abin da na faɗa, ka ninka tsaurinsa in tayar gaba ce. Ta baya ta fi yawan hujewa, domin ta gaba ke tayar da ƙusar da ke kwance, ta baya ta same ta a tsaye, kuma ita ke ɗauke da nauyi. Amma in ta baya ta fashe, babur yana watsal-watsal ne, mai natsuwa yana iya tsayar da shi. In ta gaba ce, kan babur ne ke ƙwacewa daga hannunka. Saboda haka ni a gaba faci ɗaya nake yarda da shi, na biyu sai sabon tiyub, kuma duk rauni a tayar da na yi kokwanto a kansa, canji ne. In abin ya same ka kana tafiya, kada ka danne birki. Riƙe kan da kyau, saki mai a hankali, in za ka taɓa birki ka taɓa na wilin da ke lafiya, sai gudu ya ragu sosai sannan ka gangara gefe.

Hanyar da kake bi da kayan da kake ɗauka su ma suna cikin lissafin. Wanda ba ya fita tsakanin Bolari da Tudun Wada da Herwagana, inda kowace kwana akwai mai faci kuma gudu ba ya yawa, yana iya jan tiyub mai faci uku har ya samu sarari. Wanda ke kai kaya kasuwannin ƙauye, ko mai zirga-zirgar Dadin Kowa da lodin kayan lambu da asuba, ba shi da wannan damar. Duba gefen tayar bayanka, za ka ga rubutu irin 3.00-17 50P. Lamba 50 ɗin nan tana nufin iyakar nauyin da tayar ke ɗauka kilo 190 ne, P kuma iyakar gudu, kilomita 150 a awa. Buhun masara biyu masu kilo 100 daga Tudun Hatsi, ko buhun siminti huɗu, sun riga sun haura wannan, ba a ma sa kai da nauyin babur ɗin ba. Na san ba za a daina irin wannan lodi ba, abinci ake nema. Amma wanda ya san haka yake aiki, bai kamata ya ɗora shi a kan tayar da ke da yanka ko tiyub mai faci a kan faci ba. Nauyi yana jawo zafi, zafi kuma shi ke sassauta gam.

Babu wanda ke ƙin sabuwar taya don son ransa, tsada ce. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙira a Legas a 2008, kuma tayoyin baburan da ke kasuwa galibi daga Chaina da Indiya da sauran ƙasashen Asiya suke zuwa. Farashinsu dala yake bi, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kowa ya ji a jikinsa. Wannan ne ke tura mutane wurin tayar gwanjo. Gaskiya ban ga ribarta ba. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su, waɗanda ake cirewa daga baburan gida kuma akwai dalilin da ya sa mai su ya rabu da su. Ba ka san ko an yi tafiya a kanta ba iska ba, ba ka san shekarun da ta yi a rana ba. Tayarka mai huda ɗaya a tsakiya, wadda ka san tarihinta, ta fi gwanjon da aka shafe da baƙin mai tana ƙyalli. Araha ba ta ado, balle a ƙafar babur. In kuɗi bai kai na biyu ba, ka canza wadda ta fi lalacewa, in kuma sun yi kunnen doki ka fara da ta gaba.

In ka yanke shawarar saye, ka karanta gefen sabuwar kafin ka biya. Girman ya zo daidai da na tsohuwar, domin 17 da 18 ba sa shiga rim ɗin juna. Lambar nauyi kada ta gaza ta asali, kuma mai ɗaukar lodi ya nemi mai 6PR ko sama maimakon 4PR, wato lambar da ke nuna ƙarfin zaren tayar. Duba makon ƙira da shekara, don akwai tayar da ke tsufa a shago. In akwai kibiya a gefe, a ɗaura ta tana kallon inda wili ke juyawa. Kada ka mayar da tsohon tiyub cikin sabuwar taya don rage kuɗi, ya riga ya miƙe, zai lanƙwashe a ciki. A duba robar kan sifok tunda an buɗe. Sabuwar taya kuma tana da ɗan santsi, masu ƙira suna ba da shawarar a bi ta a hankali wajen kwana da birki na kusan kilomita 150 na farko.

Ko faci aka yi ko canji, iska ce ke raya aikin ko ta kashe shi. Matsa taya da babban yatsa ko buga ta da sifana ba awo ba ne, ka nemi mai facin da ke da geji. Ƙananan babura galibi suna son kusan 25 a ma'aunin PSI na geji a gaba, 28 zuwa 32 a baya gwargwadon ko kai kaɗai ne ko da fasinja, amma lambar da ke littafin babur ɗinka ko takardar da aka manna a jikinsa ita ce gaba. Auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. In ka auna da rana ka ga ta hau, kada ka rage, zafi ne ya ɗaga ta, kuma tayar da iskarta ta yi kaɗan ita ce ta fi ɗaukar zafi. Washegarin faci ka sake aunawa, ka shafa kumfar sabulu a bakin bawul ka ga ko yana tsiyaya. Sannan kada a ɗaure ɗan notin bawul tamau a jikin rim. A bar shi da ɗan sako, domin in taya ta fara zamewa tana jan tiyub, za ka ga bawul ya karkace gefe ɗaya tun kafin gindinsa ya yage, sai ka je a sassauta a daidaita shi.